Layi Uku, Waya Biyu: Nazarin Lamarin Wata Ma'aikaciyar Jinya da Ta Koma Ƙasar Waje

Asalin lamarin

Wadda abin ya faru da ita ma'aikaciyar jinya ce, shekarunta 34 a lokacin. Ta samu aiki a asibitin wani ƙaramin gari a ɗaya daga cikin ƙasashen Tarayyar Turai, ta bar mahaifiyarta da 'ya'yanta biyu a gida da niyyar ta riƙa aika musu abin da ya samu kowane wata. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, ni kuma na riga ta zama a ƙasar da shekaru, shi ya sa duk lokacin da abu ya cije ni take nema. Na sakaya sunanta da na garin da na kamfanonin da ta yi hulɗa da su.

Wayarta Android ce mai gurbin sim biyu, ta shekara 3 a hannunta, ba ta da sim ɗin nan na cikin waya da ake kira eSIM. Layinta na gida kuwa ya shekara 11, irin wanda ake sa wa kati ne kafin a yi kira. A kan wannan lamba ɗaya aka ɗaure asusunta na banki guda biyu, da imel ɗinta, da WhatsApp, da rajistarta ta hukumar ma'aikatan jinya. Mahaifiyarta ba ta riƙe wayar shafa, ƙaramar waya ce mai madannai, sai dai a kira ta kai tsaye.

Mako 3 kafin tafiya

Biza, tikiti, takardun makaranta da aka fassara, allurai, duk ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Waya ba ta shiga lissafi ba. Ba ta je ofishin kamfanin layinta an buɗe mata romin ba, wato izinin da ke sa layi ya hau sabis ɗin wani kamfani idan ya tsallaka iyaka. Ba ta tambayi wata nawa layin zai yi shiru kafin a rufe shi ba. Kuɗin da ke kan layin ma ta ƙarar da su wajen kiran sallama a daren tafiya.

Ni ma da muka yi magana a wannan lokaci na tambaye ta kayan sanyi da adireshin masauki, ban tambaye ta samfurin wayarta ba. Abu ɗaya da ya zo da sauƙi shi ne wayar ba a kulle take da wani kamfani ba, kowane sim aka sa mata za ta karɓa. Tsohon sim ɗin kuma ta bar shi a gurbinsa, ba ta cire ba.

Ranar sauka zuwa kwana na 12

Da jirgi ya sauka ta kunna waya, sai ta ga babu sabis. A zauren fita ta sayi sim na matafiya mai data ta kwana 30. Nan take WhatsApp ya tashi, saƙonni suka shigo, ta sanar da gida ta sauka lafiya, ta buɗe taswira ta gano tashar jirgin ƙasa. A wannan rana sim ɗin ya biya buƙata.

Kwana uku a tsakani gazawarsa ta fito. Data kaɗai yake bayarwa, ba ya kira, ba ya karɓar saƙon tes. Ofishin ma'aikata na asibiti ya nemi lambar da za a same ta idan an sauya jadawalin aiki. Fom ɗin neman ɗaki yana da gurbin lambar waya, na banki ma haka. Ta rubuta lambata a wurare biyu, na zama ni ke karɓar kiranta ina tura mata ta WhatsApp.

Wata abokiyar karatunta ta ba ta shawarar ta sayo layin wata maƙwabciyar ƙasa mai araha ta zauna a kansa, tunda tun ranar 15 ga Yuni 2017 ƙasashen Tarayyar Turai, haɗe da Norway da Iceland da Liechtenstein, suka daina cajin ƙarin kuɗin romin a tsakaninsu, kuma a 2022 aka tsawaita dokar zuwa 2032. Mun karanta dokar tare. An yi ta ne domin mai tafiya ya dawo. Idan cikin wata 4 kamfani ya ga layi ya fi zama a waje kuma ya fi aiki a waje, yana da ikon neman bayani, daga nan ya ɗora ƙarin kuɗi. Ga shi kuma lambar za ta kasance ta wata ƙasa, wadda ba ita asibiti da banki suke nema ba. Aka ajiye wannan shawara.

Mako na 2 zuwa na 5: layin kati da asusun banki

Ta fara gwada layin biyan wata ta intanet. Shafin ya nemi lambar asusun banki na ƙasar domin a riƙa cirar kuɗi kai tsaye, ita kuma ba ta da shi. Bankin da ta je ya nemi takardar rajistar adireshi da lambar waya ta ƙasar da za a turo wa lambar tabbatarwa. Kowa yana jiran ɗan uwansa ya fara.

Layin kati ne ya warware ƙullin, domin shi ba ya neman asusu kuma ba ya binciken tarihin biyan bashi. Shaidar mai shi kawai yake nema, kamar yadda doka ta tanada a ƙasashen Turai da yawa: Jamus ta wajabta hakan daga Yulin 2017, Ostiriya daga 2019. Ta sayi fakitin wani ƙaramin kamfani daga cikin waɗanda ba su da ƙarfen sabis na kansu, haya suke yi a wurin manyan. Tantancewa ta bidiyo ta ƙi yi sau biyu: a karo na farko hasken ɗakin ya hana kyamara karanta shafin fasfo, a na biyu ma'aikacin ya ce tsarinsu bai san irin fasfonta ba. Ta ɗauki fasfon ta kai wurin da ake tantancewa ido da ido, washegari layin ya tashi.

A kwana na 16 ta samu lamba ta ƙasar. Da ita ta buɗe asusu a mako na 4, ita ta bai wa asibiti, ita ke kan takardar inshorar lafiya. A duk tsawon wannan lokaci tana zaune ne a masaukin wucin gadi a tsakiyar gari, tana zuwa ajin harshe da na sanin makamar aiki. Ba ta fara shiga ɗakin marasa lafiya ba, ba ta kuma san unguwar da za ta zauna ba.

Mako na 6: kwantiragin wata 24

Datar layin kati tana ƙare mata kafin wata, saboda kiran bidiyo da yara kowane dare. Wata Asabar ta shiga shagon wani babban kamfani don ta tambaya kawai, ta fito da kwantiragi. An nuna mata data mai yawa, da kira da tes ba iyaka, da rangwamen watannin farko. Aka duba sabon asusunta da takardar ɗaukar aiki, aka amince. Ta sa hannu a kan allon kwamfuta da yatsa.

Abubuwa uku suka wuce ta a wannan zama. Kwantiragin na wata 24 ne, iyakar abin da dokar sadarwa ta Tarayyar Turai ta 2018 ta yarda a ɗaure mai saye. Kiran da aka ce ba iyaka na cikin ƙasa ne kawai. Sannan sabuwar lamba aka ba ta, alhali tana da damar ɗauko lambar layin kati ta shigar da ita cikin sabon kwantiragin. Ba ta san ana yin haka ba, ba a kuma tambaye ta ba. Dokar ta ce a bai wa mai saye taƙaitaccen bayanin kwantiragi kafin ya amince, an kuwa ba ta, shafi ɗaya da rabi cikin harshen da ta fara koya mako shida da suka wuce.

Da yamma ta turo mini hoton takardar ta ce, “Yaya, na huta da sa kati.” Na karanta, na ce ta koma ranar Litinin ta nemi a soke. Ta koma, aka ce ba zai yiwu ba. Damar janyewa cikin kwana 14 da dokar kare masu saye ta Turai ta bayar tana aiki ne a kan cinikin da aka ƙulla ta intanet, ko ta waya, ko a wajen shago. Wanda ya taka da ƙafarsa ya shiga shago ya sa hannu ba ya cikinta, sai dai in kamfanin ya ga dama.

Yanzu layinta uku, gurbin sim biyu. Ta cire na gida, ta naɗe shi a takarda ta sa cikin jakar fasfo.

Wata na 2 zuwa na 4: sabis ya ɗauke

Ta samu ɗaki a bakin gari, a ƙasan wani tsohon bene mai kaurin bango, ta kuma fara aiki sosai har da na dare. A nan layin kwantiragi ya fara ba ta wahala. A cikin ɗaki sanda ɗaya yake nunawa, wani lokaci babu. In za ta amsa kira sai ta je ta jingina da tagar kicin. Idan kira ya shigo, alamar 4G sai ta ɓace, data ta tsaya cak har a gama magana. Sau biyu asibiti suka neme ta da asuba don ta maye gurbin wadda ba ta da lafiya, wayar ba ta yi ƙara ba, sai da rana ta ga saƙon cewa an kira. Shugabar sashensu ta yi mata magana a kan haka, kuma abin ya dame ta ƙwarai, don tana cikin watannin gwaji.

Takardar biya ta farko ta zo da kuɗin da ya kusa ninka abin da aka gaya mata sau uku. Ƙarin duk na kiran mahaifiyarta ne, kira 9 kai tsaye. Tun 2019 akwai ƙayyadadden farashi a kan kira daga wata ƙasar Tarayyar zuwa wata, amma kiran da ya fita daga Tarayyar ba shi da wannan kariya, kowane kamfani da nasa farashin a minti.

Ta kai ƙorafi. Aka ce ta kashe waya ta kunna, ta yi. Aka ce ta maido da saitin sabis kamar yadda ya zo daga masana'anta, ta yi. Aka aiko mata da sabon sim, babu abin da ya sauya. Aka duba taswirar sabis, aka ce adireshinta yana cikin yankin da 4G ke da kyau har cikin gida, don haka ba su ga dalilin sakinta daga kwantiragi ba. Ita ta tsaya a kan cewa kamfanin ne ba shi da sabis, ni ma a lokacin haka na ɗauka.

A wata na 4 na kai mata ziyara, muka yi gwajin da bai ci mu minti 20 ba. Muka zauna a teburin ɗakinta, nesa da taga. Na cire sim ɗinta na kwantiragi na sa a wayata: sanda uku, 4G a tsaye, na kira lambar matata ina buɗe shafin intanet, data ba ta yanke ba. Muka mayar da shi wayarta, a wuri ɗaya, a kan tebur ɗaya: sanda ɗaya. Ta daɗe tana kallon wayoyin biyu kafin ta ce, “Ashe tawa ce.”

Muka nemo lambar samfurin wayar a cikin saiti, muka duba jerin zangunan mitar da take kamawa, wato rukunonin igiyar rediyo da sabis ke bi ya iso waya, waɗanda ake aunawa da megahaz. Babu zango na 20, wato megahaz 800. A Turai wannan zango ne kamfanoni suka fi dogara da shi wajen kai 4G ƙauyuka da cikin gine-gine, saboda mitar da ke ƙasa ta fi tafiya nesa kuma ta fi ratsa bango. Masu ƙera waya sukan fitar da samfuri ɗaya da suna ɗaya, amma na kowace kasuwa da zangunansa. Tata tana kama megahaz 1800 da 2600, waɗanda suka wadata a tsakiyar gari, shi ya sa makonnin farko ba ta ga komai ba.

Matsala ta biyu ita ce kira. 4G hanyar data ce. Kafin murya ta bi ta kanta sai waya da kamfani sun dace a kan fasahar da ake kira VoLTE, in ba haka ba duk lokacin da kira ya shigo sai wayar ta sauka zuwa 3G ko 2G. A ƙasar da take an riga an kashe 3G, kamar yadda Jamus ta yi a 2021, manyan kamfanonin Amurka kuma a 2022. Saura 2G, shi kuma a ɗakinta da ƙyar yake leƙowa. Wayarta ba ta cikin waɗanda VoLTE ɗin kamfanin ke aiki a kansu. Kiran asuban nan biyu a wannan rami suka faɗa.

Sai dai gwajin bai wanke kamfanin gaba ɗaya ba. Washegari na ba ta aron wayata ta tafi da ita aiki da sim biyun a ciki. Sashenta yana hawa na ƙasa a wani sabon gini mai gilashi mai rufin ƙarfe. A can layin kwantiragi ya kasa ko a wayata, layin kati kuwa, da yake a kan ƙarfen wani kamfani yake hawa, ya riƙe sanda biyu zuwa uku duk tsawon yini. Ta rubuta abin da ta gani a wurare huɗu: ɗakin hutu, teburin ma'aikata, matakala, da tashar bas.

Wata na 4 zuwa na 5: sabuwar waya, tsohon layi

Ta sayi sabuwar waya da aka yi domin kasuwar Turai, mai gurbin sim ɗaya da eSIM. Ta sa kamfanin kwantiragi ya mayar mata da layinsa eSIM, layin kati ya zauna a gurbi. Ta kunna kira ta waifai, wanda ke sa kira da tes su bi ta intanet ɗin gida idan sabis ya yi rauni. Matsalar ɗaki ta ƙare a ranar.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da ta sauke manhajar bankinta na gida a sabuwar waya, sai bankin ya ga baƙuwar na'ura, ya tura lambar tabbatarwa zuwa layin da ke naɗe a jakar fasfo. Imel ma ya nemi haka. Tsohuwar wayar kuma, da ta koma kanta, manhajar ta riga ta fitar da ita. A cikin wannan asusu kuɗin makarantar yara suke, wa'adin biya saura kwana 10.

Ta sa tsohon sim a tsohuwar waya, babu sabis, tunda ba a taɓa buɗe romin ba. Ta gwada kira ta waifai a kansa, kamfanin gida ba ya bayar da shi. Ta yi wa banki imel ta nemi a sauya lambar zuwa ta ƙasar da take, suka ce sai ta zo reshe da kanta. Ta yi tunanin sayen lambar intanet, wato lambar waya da ke aiki ta manhaja ba tare da sim ba, amma ko da bankin zai karɓi irinta, sauya lambar ne dai ba za a yi daga nesa ba. Ƙanenta ya je ofishin kamfanin layin da hoton katin shaidarta ya nemi a fitar da sabon sim a kan lambar, aka hana shi. Ranta ya ɓaci a ranar, amma wannan ƙin shi ne katangar da ke hana ɓarawo ya karɓe lambar mutum ya kwashe masa asusu. Shawarar a aika sim ɗin gida ta hannun matafiyi, ƙanen ya riƙa karanto mata lambobin, ita ma an duba ta. Ta ƙi, domin hakan na nufin mabuɗin asusunta biyu zai zauna a aljihun wani, kuma irin waɗannan lambobi mintuna kaɗan suke yi su lalace, ita kuwa rabin lokacinta tana ɗakin marasa lafiya.

A nan ne muka buɗe sharuɗɗan layin, muka ga an rubuta cewa layin da ya yi wata 6 babu kira, babu tes, babu sa kati za a rufe shi, daga baya a sake sayar da lambar. An shiga wata na 5. Kamfanoni suna yin haka ne saboda lambobi ƙayyadaddu ne a kowace ƙasa, kuma wa'adin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Wanda ya gaji lambar zai riƙa samun duk saƙon da banki ya turo.

Abin da ya buɗe ƙofa mataki huɗu ne a jere. Ƙanenta ya sa wa layin gida kati daga can, wanda ya sa lissafin wata 6 ɗin ya sake farawa daga farko. Ita kuma ta shiga sashen taimakon kamfanin ta intanet, ta amsa tambayoyin tantancewa: cikakken suna, ranar haihuwa, lambobin da aka fi kira, da lambar da ke rubuce a jikin sim. Bayan kwana biyu aka buɗe romin. Duk da haka wayar ba ta kama komai ba, sai da ta shiga saiti ta daina barin waya ta zaɓi sabis da kanta, ta gwada kamfanonin ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ƙi, na biyu ya karɓa, domin romin yana tafiya ne a kan yarjejeniya tsakanin kamfani da kamfani, ba kowa ke da ita da kowa ba. Tana tsaye a bakin tagar kicin saƙonni suka fara shigowa, tsofaffi da sababbi. Ta nemi sabuwar lambar tabbatarwa, ta shiga asusu, ta biya kuɗin makaranta saura kwana 3.

WhatsApp ya zo da sauƙi saboda an bi tsari. Tun yana buɗe a tsohuwar waya ta shiga wurin sauya lamba, ta mayar da shi kan layin kati. Lambar tabbatarwa sabon layi ake tura wa, don haka ba a buƙaci tsohon ba. Ƙungiyoyinta da hirarrakinta suka biyo ta, sannan ta ɗauke shi zuwa sabuwar waya ta sa masa lambar sirri ta mataki na biyu. Imel kuma ta cire shi daga dogaro da tes, ta koma manhajar da ke fitar da lambobin tabbatarwa ko babu sabis.

Wata na 6 zuwa na 25

Daga nan abubuwa suka daidaita. Lambar layin kati ta zama lambarta ta ainihi, ita kowa ya sani. Layin kwantiragi ya koma na data kawai, tana biya kowane wata har wa'adi ya cika, domin ba a samu hanyar fita ba. Kiran mahaifiya ya koma kan wani ƙunshin mintunan ƙasashen waje da take saye a layin kati. Tsohuwar waya tana cikin aljihun tebur da sim ɗin gida, datar romin a kashe, ana kunna ta idan ana jiran saƙon banki. Karɓar tes a waje ba ya cin kuɗi a layinta, amma amsa kira yana ci, don haka ba ta amsawa. Kowane wata biyu ƙanenta yana sa kati kaɗan, ita kuma ta tura tes ɗaya.

A wata na 22 ta rubuta takardar soke kwantiragi, ta ajiye shaidar an karɓa. A wata na 25 ta ɗauki lambar layin kati ta kai ta wani tsarin biyan wata da ake iya bari da sanarwar wata ɗaya, a kan ƙarfen sabis ɗin da ya riƙe a asibiti. Dokar 2018 ɗin nan ta ce a ɗauke lamba ba tare da cajin mai ita ba, kuma yankewar sabis kada ta wuce ranar aiki ɗaya. Nata ya yanke da safe, kafin azahar ya dawo.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina asara mafi tsada ita ce kwantiragin mako na 6, kuma abin da ya ɓata shi lokacinsa ne. Kamfanin ba mara sabis ba ne, a ɗakinta ya yi aiki da zarar an sauya waya. Amma ta ɗaure kanta wata 24 tun ba ta san inda za ta kwana da inda za ta yini ba, alhali waɗannan wurare biyu su ne ma'aunin layi ga mai aikin da ake nema da asuba. Da ta ƙara wa layin kati data ta jira wata biyu, da ta zaɓa da ido buɗe. Ina kuma ganin bai kamata a sayar wa wanda ya kwana 40 a ƙasa irin wannan kwantiragi ba tare da an tambaye shi ina yake kira, kuma ko yana da lambar da yake son riƙewa ba, ko da doka ba ta tilasta ba.

Asara mafi haɗari kuwa ita ce wadda saura ƙiris ta faru. Kuɗin kwantiragi ana biya a gama, lambar da ta shekara 11 tana riƙe da asusu biyu in ta faɗa hannun baƙo, dawo da ita sai an hau jirgi. Ziyara ɗaya zuwa ofishin kamfani kafin tafiya, da ɗan kuɗi a kan layin, da sun kawar da kwana 7 na tashin hankali. Abin da ya cece ta shi ne sim ɗin yana hannunta kuma da sunanta aka yi masa rajista. Da na wani ne ya yankar mata shekarun baya, da tambayoyin tantancewa sun kayar da ita.

Gwajin musayar sim shi ya fi komai amfani, domin ya raba laifin waya da laifin kamfani, abin da wata biyu na ƙorafi bai yi ba. Taswirar sabis ba ta yi ƙarya ba, tana dai ɗauka wayarka tana kama duk zangunan da kamfanin ke watsawa, kuma ba ta san kaurin bangonka ba. Nawa sakacin shi ne rashin tambayar samfurin wayar tun tana gida, lokacin da duba zangunan ba zai ci minti 5 ba. Mai shirin tafiya wata nahiya yana da nasa abin dubawa: iPhone 14 da aka sayar a Amurka a 2022 ba ta da gurbin sim sam, Turkiyya kuma tana toshe wayar da aka shigo da ita daga waje bayan kwana 120 idan ba a yi wa lambarta ta IMEI, wato lambar shaidar ita kanta wayar, rajista ba.

Akwai abu ɗaya da bai warware ba har yanzu. Saƙon bankin gida yana iso ta ne ta 2G a tsohuwar waya, 2G kuwa ana ta kashe shi: Singapore ta kashe a 2017, Suwizalan ma ta gama da shi, kamfanoni a wasu ƙasashen Turai sun sa ranar nasu. Yanzu da kwantiragi ya ƙare, ta nemi a mayar da babban layinta eSIM domin sim ɗin gida ya samu gurbi a sabuwar waya. A hutunta mai zuwa kuma ta ware safiya guda ta zuwa reshen bankunan biyu da fasfonta, ta ji ko za su karɓi lambar waje ko su ba ta wata hanyar tabbatarwa.